Nauru: Tsibirin Da Arziki Ya Zo Wa Da Ciwon Suga

Wajen shekarar 1900, a ofishin wani kamfanin 'yan kasuwa da ke birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, akwai wani dutse da ake tokare ƙofa da shi. Wani ma'aikacin kamfanin ne ya tsinto shi a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar tekun Pasifik, kowa na zaton guntun itace ne da ya daɗe har ya zama dutse. Rannan sai wani mai suna Albert Ellis, wanda aikinsa shi ne auna ƙasa da duwatsu, ya ɓantari kaɗan ya gwada. Ashe dutsen nan fosfet ne, sinadarin da ake haɗa takin zamani da shi, kuma mai kyawun da ba a cika samun irinsa ba. Sunan tsibirin da aka tsinto shi Nauru.

Shekara 75 bayan wannan gwaji aka sake yin wani gwajin a kan Nauru, amma wannan karon jinin mutanenta aka auna. Sakamakon ya nuna cewa cikin kowane baligi uku, ɗaya na da ciwon suga. Abin da ya faru tsakanin gwajin dutse da gwajin jini shi ne tarihin da nake son mu bi, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta shafi duk ƙasashe masu tasowa: me ya sa ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya ke ƙaruwa, alhali kullum ana faɗakarwa a kansu?

Kafin dutse ya yi kuɗi

Nauru ƙaramar ƙasa ce ƙwarai. Faɗinta murabba'in kilomita 21 ne, titin da ya kewaye ta kuma bai kai kilomita 20 ba, wato mai ƙafa zai iya zagaye ƙasar tsakanin hantsi da azahar. Mutanenta a yau dubu goma ne da 'yan kai. Asalinsu dangi 12 ne, shi ya sa tauraron da ke kan tutarsu ke da tsini 12.

Abincinsu na gado kifi ne da kwakwa da 'ya'yan wata itaciya da ake kira pandanus. Suna kamo ƙananan kifaye a bakin teku su kai wani tafki mai suna Buada su kiwata. Babu kogi a tsibirin, kuma fari na yawan faɗa musu. Duk lomar da za ta shiga baki sai an tuƙa kwalekwale ko an hau bishiya kafin a same ta. A irin wannan rayuwa, ƙiba alama ce ta wadata. Gidajen manya kan killace 'yan mata a ciyar da su har su yi jiki, domin a ga gidan ba na yunwa ba ne.

A 1798 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, John Fearn, ya bi ta wurin, ya raɗa masa suna da ke nufin tsibiri mai daɗin zama. Bayansa fatake suka biyo da bindiga da giya. Daga 1878 zuwa 1888 dangogin suka gwabza yaƙin basasa, har Jamus ta zo ta karɓe tsibirin ta ƙwace makaman.

Rabin kwabo a kowane tan

An fara fitar da fosfet a 1907. A yaƙin duniya na ɗaya Ostareliya ta kori Jamusawa, sannan a 1919 Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan suka ƙulla yarjejeniyar haƙar ma'adinin tare, suna sayar wa manomansu a farashi mai rahusa. Gonakin alkama da makiyayun tumaki na waɗannan ƙasashe sun yi albarka da ƙasar Nauru. Su kuwa masu ƙasar, da farko rabin kwabo ake ba su a kan kowane tan.

A shekarun 1920 aka ɗan ƙara musu kason. Kuɗin ba su da yawa, amma sun isa a je kantin kamfani, inda ake sayar da farar shinkafa da fulawa da naman gwangwani da sukari. Masanin nan Jared Diamond ya rubuta cewa zuwa 1927, sukarin da mutumin Nauru ke sha a rana ya kai kusan rabin kilo. A gwada wannan da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanzu, wadda ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12. Aikin haƙar ma ba su ne ke yin galibinsa ba, leburori ake kawowa daga Sin da tsibiran maƙwabta.

A 1925 aka fara rubuta sunan mutumin Nauru mai ciwon suga a littafin asibiti. Na biyu sai a 1934. Mutum biyu cikin shekara tara ba abin da zai tayar wa kowa hankali ba ne, balle ma a lokacin akwai abin tsoro da ya fi wannan kusa.

Al'ummar da ke ƙirga jarirai

A 1920 annobar mura ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan asalin tsibirin. Aka shaida musu cewa in dai suna so su wanzu a matsayin al'umma, sai yawansu ya kai 1,500. Suka zuba ido suna ƙirga haihuwa, har ranar 26 ga Oktoba 1932 aka haifi jaririyar da ta cike adadin. Suka sa wa ranar suna Angam, kuma har gobe suna bikinta duk shekara.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Agusta 1942 sojojin Japan suka mamaye tsibirin, suka kwashi mutum kimanin 1,200 zuwa tsibiran Truk don aikin tilas. Waɗanda aka bari a gida yunwa ta gallabe su, har aka koma noman kabewa a cikin durom. Ranar 31 ga Janairu 1946 aka dawo da waɗanda suka rayu a Truk, su 737. Sai a 1949 yawan jama'a ya sake kaiwa 1,500.

Wannan yana da muhimmanci ga labarinmu. Mutanen da suka riƙe ragamar Nauru bayan yaƙi, da iyayen da suka yi renon yaran shekarun 1950 da 1960, sun ga yunwa da idonsu, sun binne 'yan'uwansu saboda ita. Wanda ya taso haka, in ya ga ɗansa ya cika kwano ya yi kumatu, hamdala zai yi. Cutar da suka sani ita ce mai kwantar da mutum cikin kwana uku. Wadda ke shekara goma tana aiki a ɓoye, mai ita na yawo yana dariya, ba su da labarinta.

Shekarun walwala

Tun a farkon shekarun 1960 an san cewa haƙar za ta cinye ƙasar. Ostareliya ta ba da shawarar a kwashe mutanen gaba ɗaya a mayar da su wani tsibiri mai suna Curtis a gaɓar ƙasarta. A 1964 suka ce ba za su je ba. Jagoransu Hammer DeRoburt, ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga Truk, ya dage sai 'yanci. Suka samu ranar 31 ga Janairu 1968, shi ne shugaban ƙasa na farko, kuma a 1970 harkar fosfet ta dawo hannunsu.

Daga nan kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. A tsakiyar shekarun 1970, in aka raba abin da ƙasar ke samu bisa yawan mutanenta, Nauru na cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a duniya. Babu haraji, asibiti da makaranta kyauta. Gwamnati ta kafa kamfanin jiragen sama, ta gina bene mai hawa fiye da 50 a birnin Melbon. Motoci suka cika ƙasar da titinta bai kai kilomita 20 ba. Fita su ya zama abin sha'awa, ga kifin gwangwani a kanti. Jiragen ruwa na zuwa da shinkafa da nama mai kitse da lemon gwangwani da giya da taba, su koma ɗauke da ƙasar tsibirin.

A daidai lokacin, tudun da ke tsakiyar tsibirin, inda itatuwa suke a da, yana komawa kufai. In an kwashe fosfet, abin da ke saura shi ne tsinin duwatsu masu tsawo, babu inda za a dasa ko tsiro. A ƙarshe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya zama haka.

Gwajin 1975

Likitocin da ke duba manyan Nauru a Melbon sun fara lura da yawan masu ciwon suga a cikinsu. A 1975 wani matashin likita ɗan Ostareliya, Paul Zimmet, ya je tsibirin da tawagarsa suka auna jinin jama'a. Suka tarar kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 15 zuwa sama suna da cutar. A lokacin, wannan na cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani a wata al'umma a duniya. Da yawa daga cikin waɗanda aka gano ba su san suna ɗauke da ita ba.

Ga yadda abin yake aiki. Duk abinci mai sitaci ko zaƙi da mutum ya ci, jiki na narkar da shi ya koma sukari a cikin jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi ke samarwa, shi ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In kitse ya taru, musamman a ciki, tsoka kuma ba ta aiki, sai jiki ya daina jin maganar insulin. Gaɓar ta yi ta ƙara yawan wanda take fitarwa har ta gaji. Sukarin sai ya zauna a jini yana cin ƙananan jijiyoyi sannu a hankali, na ido da na ƙoda da na ƙafa, yana kuma lalata manyan hanyoyin jini na zuciya da ƙwaƙwalwa. Mutum zai iya shekaru bai ji komai ba. Ranar da ya ji, sau da yawa gani ya ragu, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko ƙoda ta fara kasawa.

Masana sun yi ta muhawara kan dalilin da ya sa abin ya yi wa Nauru tsanani haka. Tun a 1962 wani masanin gado ɗan Amurka, James Neel, ya kawo hasashen cewa al'ummomin da suka sha fama da fari sun gaji jiki mai iya tanadin kitse, wanda ke ceton rai a lokacin yunwa, ya zama matsala a lokacin yalwa. Har yau ba a tabbatar da wannan hasashe ba, shi kansa Neel daga baya ya nuna shakka a kai. Ko ma mene ne rabon gado a ciki, jinin mutanen Nauru na 1975 shi ne na kakanninsu na 1900, waɗanda ba su san cutar ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ke cikin kwano, da abin da jiki ke yi daga safe zuwa dare.

Sun sani, amma fa?

A nan ne darasin yake. Daga 1975 babu wanda zai ce Nauru ba ta sani ba. An sake auna jama'a a 1982 da 1987, an yi ta faɗakarwa, duniyar likitoci ta san sunan tsibirin. Adadin ya ɗan sauka daga baya, amma ƙasar ba ta fita daga sahun gaba ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun nuna kimanin shida cikin kowane baligi goma na Nauru na da ƙiba mai haɗari.

Cutar ba ta bar fada ba. Hammer DeRoburt ya rasu a Melbon a 1992 yana fama da ciwon suga. Bernard Dowiyogo, wanda ya shugabanci ƙasar sau da dama, ya rasu a wani asibiti a Washinton a watan Maris 2003 bayan aikin zuciya, shi ma ya daɗe da ciwon sugan. Waɗannan mutane ne masu ilimi, masu hanyar ganin ƙwararrun likitoci.

Sannan arzikin ya ƙare. Nauru ta kai Ostareliya Kotun Duniya a 1989 kan ɓarnar da aka yi wa ƙasarta, aka sasanta a 1993 kan dalar Ostareliya miliyan 107. Amma asusun da aka tara don 'yan baya ya zube saboda mugun jari da sakaci, daga kimanin dala biliyan 1.3 a 1991 zuwa miliyan 138 a 2002. Har kuɗin shirya wani wasan kwaikwayo na waƙa aka zuba a Landan a 1993, wasan bai yi kasuwa ba. Benen Melbon ma ya fita daga hannunsu a 2004.

Wani zai yi zaton in kuɗi suka tafi, ciwon da suka kawo zai bi su. Ba haka aka yi ba. Ƙasar noma ta riga ta tafi, al'adar cin abincin kanti ta zauna, kuma wanda aljihunsa ya yi sanyi abin da ya fi arha zai saya: farar shinkafa, taliyar leda, naman gwangwani. Ganye da 'ya'yan itace sai an ɗauko su a jirgi, tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Ciwon da ya shigo da rigar masu kuɗi ya koma na marasa shi. Ka ce wa uwa a irin wannan hali ta riƙa ba 'ya'yanta kayan lambu, za ta ce ta ji, sannan ta tambaye ka ina lambun yake.

Abin da ake tararwa a kanti

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma akwai abin da duk mai wannan sana'a ya sani. Yawancin mutane ba sa taɓa saitin da manhaja ta zo da shi. Kana iya rubuta gargaɗi da jan rubutu, su danna "na yarda" su wuce. In kana son mutum dubu su yi abu daidai, sai ka sa daidai ɗin ya zama shi ne abin da suka tarar. Da na karanta tarihin Nauru, wannan ne ya fara faɗo mini. Likitoci na kiran waɗannan cututtuka na salon rayuwa, kamar kowa ya zauna ne ya zaɓi salonsa. Mutumin Nauru da aka haifa a 1980 ya buɗe ido ya tarar da kanti da mota da kufai, zaɓin da ya rage masa kaɗan ne.

Akwai ƙasar da ta gwada taɓa saitin. A tsibirin Morishiyos da ke gabashin Afirka, wani bincike na 1987 ya nuna yawan ciwon suga da na zuciya. A shekarar gwamnati ta sauya man girkin da ta fi sayar wa jama'a a farashi mai sauƙi, daga wanda galibinsa na kwakwar manja ne zuwa na waken soya. Da aka sake aunawa a 1992, matsakaicin kitsen jini da ake kira kolestarol ya sauka da kusan kashi 15 cikin 100. Matan gida sun ci gaba da girkinsu yadda suka saba, man da ke cikin kwalbar ne ya canza. Wannan bai tsayar da ciwon suga a can ba, amma ya nuna abin da mataki guda zai iya yi.

Wasu sun gwada sun gamu da cikas. Fiji ta hana sayar da wani yanki mai kitse na naman tunkiya da ake shigo da shi a 2000. Samowa ta hana shigo da gindin talotalo a 2007, amma da ta zo shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012, janye haramcin na cikin sharuɗɗan da aka gindaya mata. Ita kanta Nauru a 2007 ta sa harajin kashi 30 cikin 100 a kan sukari da alewa da lemon da ake shigo da su, shekara 32 bayan gwajin Zimmet.

Abin da ya ci Doma

A 1971 wani masani ɗan Masar, Abdel Omran, ya bayyana yadda al'umma ke tashi daga zamanin annoba da yunwa zuwa zamanin cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Turai ta yi wannan tafiya a hankali cikin fiye da ƙarni guda. Nauru ta yi ta cikin rayuwar mutum ɗaya. Yau cututtukan nan, wato na zuciya da daji da suga da na huhu, suna kashe sama da mutum miliyan 40 a shekara, kimanin kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Sai a watan Satumba 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron shugabanni na farko a kansu.

Mu ba mu zaune a kan fosfet, amma wasu abubuwan ba baƙi ba ne a wurinmu. Mu ma in mutum ya yi tumbi cewa muke ya samu hutu, in amarya ta yi ƙiba a ce gidan miji ya karɓe ta. Lemon kwalba ya zama abin tarar baƙo, tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙafa yanzu sai babur, mai shayi kuma in ba ka yi magana ba shi zai yanke maka yawan sukarin. Kuma har yanzu muna fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, asibiti guda ke ɗaukar nauyin duka biyun. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su san suna da ita ba. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, adadin da hauhawar farashi ta riga ta shanye.

Ni kaina nakan yi awa goma a zaune gaban kwamfuta, kuma na san duk abin da na rubuta a sama tun kafin in rage ko cokali ɗaya. Abin da ya yi mini aiki shi ne daina ajiye lemo a ɗakin da nake aiki, da sauka daga mota tun kafin a kai unguwarmu. Kowa na da irin wannan ɗan ikon a gidansa. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali guda a yini, motsa jiki ya kai minti 150 a mako, a nisanci taba, a riƙa auna jini da sukari ko ba a jin ciwon komai, musamman in akwai mai cutar a dangi. Sauran kuwa, wato kare gonakin da ke bakin gari daga zama filoti, da samar da hanyar da mai ƙafa zai bi ba tare da fargaba ba, da sa ido kan abin da ake sayar wa yara a ƙofar makaranta, da ajiye na'urar awo a ƙaramin asibitin ƙauye, aiki ne na hukuma, kuma sai jama'a sun nema ake yi.

Mutanen Nauru har yanzu suna taruwa duk ranar 26 ga Oktoba su yi bikin Angam, su tuna cewa sau biyu suna kusa da ƙarewa suna dawowa. A bayan gidajensu kuma ga kufan nan na tsinin duwatsu, wanda aka yi shekara da shekaru ana maganar cike shi da ƙasa don a sake shuka. Mu namu gonakin suna nan tukuna, gero da dawa da wake da zogale ba su bar kasuwa ba, kuma har yanzu akwai tsofaffi a gidajenmu da suka san yadda ake sarrafa su.